Likitan Da Ke Cikin Aljihu: Wa Ya Ba Shi Lasisi?

Jawabin da wani ɗan ajin 2008 ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Ranar da sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce an sa sunana cikin masu jawabi a bana, sai na tambaye shi ko ɓatan lamba ya yi. Ni dai ba likita ba ne. Tsimi da tanadi na karanta a jami'a, kuma tun da na gama bautar ƙasa aikina bai wuce ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan ba. Sai ya ce ai saboda haka ne aka zaɓe ni, domin likitocin cikinmu sun sha yin magana a tarukan baya ana hamma, shi ya sa bana ake son a ji daga bakin wanda aka kwantar. To, tunda haka ne na karɓa. Inda na yi kuskure, likitoci suna nan zaune a layin gaba, sai su gyara mini.

Duk wanda ya yi makarantar nan a zamaninmu ya san ciwon ciki ba baƙonmu ba ne. Mun ci gabza, mun ci wake mai ƙwari, mun sha gari da ƙuli da tsakar dare bayan an kashe fitila. In ciki ya murɗa sai a nufi ɗakin shan magani, a tsiyaya maka farin ruwan nan mai kama da alli a murfin kwalba, ko olsa ce ke damunka ko gudun darasin lissafi. Malaminmu na ilimin halittu, wanda nake hango shi can yana murmushi, ya sa mun zana hanyar abinci tun daga baki har ƙarshenta ya fi sau goma. Malam, ka gafarce ni, zanen na riƙe, darasin kuwa sai da na kwanta a gadon asibiti na fahimce shi.

Abin ya faro ne a ƙarshen 2022. Na fara jin wani zafi a ƙahon zuciya, musamman in yunwa ta kama ni ko cikin dare, ga ƙwannafi, ga kumburin ciki bayan cin abinci. Kowa na faɗa wa a ofis sai ya ce olsa ce, ai duk ma'aikacin gwamnati yana da ita. Wannan ya ce in riƙa shan madara, wancan ya ce kanwa, wani ya ce garin ɓawon kaza. Ni kuwa da nake ganin na yi boko na fi ƙarfin wannan, sai na ɗauko sabuwar wayar da na saya a kasuwar Farm Centre, na shiga rumbun manhajoji na rubuta ciwon ciki da Turanci. Suka zubo kamar fara. Na zaɓi wadda ta fi yawan taurari, wadda aka ce mutane sama da miliyan sun sauke ta.

Gaskiya manhajar nan ta iya karɓar baƙo. Kullum da safe za ta gaishe ni da sunana. Za ta tambaye ni me na ci, ƙarfe nawa na ci, zafin ya kai nawa daga ɗaya zuwa goma. Har bayan gida, ku yi haƙuri da kalmar, tana da hotuna bakwai da za ka zaɓi wanda ya yi kama da naka, wanda daga baya na gane wani ma'auni ne na gaske da aka fitar a Bristol ta Ingila a 1997. Duk ƙarshen mako sai ta zana mini jadawali mai launi, ta ce lafiyar cikina ta kai kashi kaza. In na yi kwana talatin ban tsallake ba sai ta ba ni lambar yabo. Ni da rabona da lambar yabo tun gasar kacici-kacici ta aji biyar, sai abin ya shiga raina.

Wata biyar ina wannan hidima. Ta ce in bar barkono, na bari. Ta ce in bar shayi mai kauri, na bari. Abu guda ne ba ta taɓa tambayata ba, wato ko akwai wani magani da nake sha. Alhali a daidai wannan lokacin ina fama da ciwon baya saboda yawan zama, kuma kusan kullum in na taso daga aiki sai na biya wani kemis an ba ni haɗi, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a 'yar leda, in watsa su baki ɗaya, wani lokaci ma ban ci komai ba. Sai daga baya aka duba aka ga akwai diclofenac a ciki, akwai piroxicam, ga kuma ibuprofen da nake ƙarawa da kaina. Duk ukun dangi ɗaya ne, kuma duk likita ya san suna cinye rigar da ke kare tumbi daga ruwan tsamin da yake narka abinci da shi. Wato ina zuba fetur da hannun dama, ina rubuta yawan hayaƙi a waya da hannun hagu.

Cikin azumin 2023, wajen goma ta tsakiya, sai na ga bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ga wani irin wari. Na ce zoɓon buɗa baki ne. Na shiga manhaja, wajen launi na danna baƙi. Ta karɓa, ta gode mini, ta ce saura kwana huɗu in sami sabuwar lambar yabo. Kwana uku ana haka. A rana ta huɗu ina hawa matakalar ofis sai na ga duhu, na zauna a wurin. Da na koma gida maiɗakina ta dubi tafin hannuna da cikin idona ta ce, wallahi Baban Ummi babu jini a jikinka. Ita ce ta kira ɗaya daga cikin 'yan ajinmu da ke aikin jinya, ba da sanina ba. Tambaya biyu kawai ya yi mini a waya: wane launi ne bayan gidanka, kuma wane magani kake sha? Da na ba shi amsa sai ya ce kada in sake in tuƙa mota, ga shi nan zuwa.

'Yan uwa, a Daurawa nake zaune. Daga ƙofar gidana zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, ɗan sahu ɗaya ne, ka ratsa ta Gyadi-Gyadi ka iso. Asibitin nan yana wurin tun kafin in shiga firamare. Amma na yi wata biyar ina kai kukana wurin wata manhaja da ban san wanda ya rubuta ta ba, ban san ƙasar da yake ba, don kawai ina tsoron a zura mini bututu a maƙogwaro kuma ina ƙyashin rasa yinin aiki guda. A ƙarshe bututun da nake gudu sai da aka zura, aka ga gyambo a farkon ƙaramin hanji yana tsiyayar da jini. Leda biyu aka ƙara mini, kuma duka biyun daga jikin 'yan ajinmu suka fito. Suna cikin zauren nan, sun hana ni faɗar sunansu. Allah ya saka muku da alheri.

A nan ne na fara jin sunan wata ƙwayar cuta wai ita Helicobacter pylori. Mu dai mun tashi da jin cewa yunwa da yaji da tunani ne ke kawo olsa. Su ma likitocin duniya kusan haka suka ɗauka, har sai da wasu 'yan Ostareliya biyu, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano wannan ƙwaya a birnin Perth a 1982. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya dama ƙwayar ya shanye, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Yanzu an tabbatar cewa mafi yawan gyambon ciki daga abu biyu yake, ko wannan ƙwaya ko magungunan kashe zafi irin waɗanda na ambata. Ni na haɗa duka biyun. Yaji da yunwa suna iya tayar da zafin, amma ba su ne ke haƙa ramin ba. Madara kuwa takan kwantar da shi na ɗan lokaci, sa'an nan ta sa tumbi ya ƙara zubo ruwan tsami.

Wani babban nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara binciken ƙasashe 62, ya ƙiyasta cewa fiye da rabin mutanen duniya na ɗauke da ƙwayar, kuma Nijeriya ce ta zo kan gaba da kashi 87.7 cikin ɗari. Akasari tun ana yara ake ɗaukarta, ta ruwa da abinci da cunkoson zama, kuma yawancin masu ita har su mutu ba za ta dame su ba. Amma tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo sankarar tumbi. Maganinta ba wani dogon abu ba ne: ni dai kwana 14 na yi ina shan maganin rage ruwan tsami tare da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, bayan an bar fiye da wata guda aka sake gwada bayan gida aka ce ta tafi. Wata biyar na barin barkono bai yi abin da mako biyun nan suka yi ba.

Da na warware, sai haushi ya sa na yi abin da ma'aikaci ya iya, wato bincikar fayil. Na sauke manhajoji shida na ciwon ciki, na ba kowace labari iri ɗaya: namiji, shekara talatin da 'yan kai, zafi a ƙahon zuciya, baƙin bayan gida, jiri. Wannan ba binciken jami'a ba ne, gwajin mai jinya ne a kan tabarma, kada wani ya ɗauke shi fiye da haka. Biyu suka ce in tafi asibiti yanzu-yanzu, har da jan rubutu. Ɗaya ta jero mini cututtuka tara ta bar ni in zaɓa. Biyu ba su da ma inda za ka faɗi launin bayan gida. Ta ƙarshen kuwa ta ba ni shawarar in sha ranitidine, maganin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da umarnin a janye daga kasuwa a watan Afrilun 2020 saboda wani sinadari da aka samu a ciki, sa'an nan ta nuna mini tallar wani shayin wanke hanji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wadda ta fi kowace yawan taurari tana cikin waɗanda ba su ce in je asibiti ba.

Taurarin nan, in kun lura, mu ne muke ba da su, mu marasa lafiya. Muna ba da su ne don manhaja ta buɗe da sauri, launinta ya yi kyau, ba ta cin data. Ba mu da yadda za mu san ko abin da ta faɗa daidai ne, domin da mun sani da ba mu tambaye ta ba. Masana ma sun ga wannan matsala. A 2015 wasu masu bincike a wata jami'a da ke Queensland ta Ostareliya suka fitar da ma'aunin da ake kira MARS, wanda ake auna manhajojin lafiya da shi ta fuska huɗu: yadda take jan hankali, yadda take aiki, kyan gani, da ingancin bayani, kowanne daga maki 1 zuwa 5. Ma'auni ne mai amfani, amma ni a matsayina na wanda ya saba da lissafin matsakaici, na lura cewa uku daga cikin huɗun nan ado ne. Manhaja na iya cinye ukun, ta faɗi a na huɗu, jimillarta ta fito da kyau. Mun san irin wannan ɗalibi a ajinmu: kayan makaranta a goge, rubutu kamar na inji, amsa kuwa babu.

A shekarar 2015 ɗin dai, wasu likitoci na jami'ar Harvard suka gwada manhajoji da shafuka 23 masu gaya wa mutum cutarsa, suka ba su labaran marasa lafiya 45 da aka riga aka san amsarsu. Sau 34 cikin ɗari ne kawai amsar gaskiya ta zo a farko. Wajen shawarar ko a tafi asibiti ko a zauna a gida kuwa, sun dace sau 57 cikin ɗari. Gaskiya ne an sami ci gaba tun daga lokacin, balle yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shigo, kana yi wa waya tambaya da Hausa tana ba ka amsa. To amma yawan manhajojin ma ya ƙaru. Wani rahoton kamfanin IQVIA na 2021 ya ce manhajojin lafiya sun haura 350,000. Wa ya zauna ya tantance su? A Jamus sun yi doka a 2019, kuma daga 2020 likita na iya rubuta wa mutum manhaja kamar yadda yake rubuta magani, inshora ta biya, amma sai wadda hukumar magunguna ta ƙasar ta duba, kuma in ta kasa kawo hujjar tana amfani a cire ta daga jerin. Mu a nan, ko fanadol ka saya za ka ga lambar NAFDAC a jiki, likita kuma sai da rajistar majalisar likitoci ta ƙasa yake taɓa mutum. A cikin shidan da na sauke ban ga lambar kowa ba. Abin da na gani, can ƙasa da ƙananan haruffa, shi ne cewa wannan manhaja ba shawarar likita ba ce. Wato tun kafin ka faɗi sun riga sun wanke hannunsu.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ta fi ba ni dariya. Duk manhajar ciwon ciki a kan abinci take tsayawa, amma je ka rubuta tuwon masara da miyar kuka ka gani. Na rubuta ɗanwake, ta ce ba ta gane ba. Na rubuta fura, ta kawo mini wani abincin Italiya. Gurasa bandashe, waina, dambu, kunun tsamiya, kwaɗon zogale, babu ko ɗaya. Dole in zaɓi abin da ya yi kama, in kira tuwo da sunan wani fate na Turawa, in kira kuka da sunan alayyafo. Jadawalin da take zana mini duk mako ashe na cikin wani Bature ne da ban taɓa gani ba. Kuma ko awo ma matsala ne, domin tana tambaya giram nawa ka ci, mu kuwa da malmala muke lissafi, wani lokaci ma mu huɗu a kwano ɗaya.

Kada a ce na yi musu kuɗin goro. Akwai na kirki. Jami'ar Monash da ke Melbourne ta fitar da wata manhaja a 2012 don masu ciwon hanjin nan da likitoci ke kira IBS, wanda ciki ke yawan murɗawa da kumburi, yau gudawa gobe taurin bayan gida, alhali gwaji bai nuna gyambo ba. Su a ɗakin gwaji suke auna abinci, su sa masa alamar kore ko ruwan ɗorawa ko ja. Albasa da tafarnuwa da wake da alkama suna cikin masu tayar da irin wannan ciwo, ka ga ke nan mai ƙosai da alale abin ya shafe shi. Amma su da kansu sun ce tsarin na wanda likita ya riga ya tabbatar masa da cutar ne, na 'yan makonni ne, kuma a yi shi tare da masanin abinci. Haka nan a Kanon nan mun ga aikin da waya ta yi a yaƙi da shan inna, lokacin da aka riƙa bin sawun masu allurar rigakafi da ita unguwa-unguwa, har aka kai ga tabbatar da kawar da cutar ta daji daga Nijeriya a 2020. Tun 2010 kuma NAFDAC ta kawo tsarin kankare jikin kwalin magani a tura lamba ta saƙon waya don a san na gaske ne ko jabu. Ni kaina, ranar da likita ya tambaye ni yaushe zafin ya fara kuma da wane lokaci ya fi tashi, wayar na miƙa masa. Ya duba ya ce rabonsa da ganin mara lafiya mai cikakken tarihi irin wannan ya daɗe. Lokacin shan maganin kwana 14 ma ita ce ta riƙa tashina. A matsayin littafin rubutu da agogo, ban ga kamarta ba. Inda ta cuce ni shi ne da ta bar ni ina ganin kamar ana duba ni.

Akwai kuma abin da ban yi tunani ba sai da tallace-tallacen maganin basir suka fara bina duk inda na shiga a intanet. Wasu masu bincike na jami'ar Macquarie sun duba manhajojin lafiya sama da 20,000 a 2021, suka tarar kashi 88 cikin ɗari na ɗauke da abin da zai iya kwasar bayanan mai amfani da su. Ni da ko abokin zamana a ofis ban gaya wa launin bayan gidana ba, na rubuta shi dalla-dalla na wata biyar na aika inda ban sani ba. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, ta kuma sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, amma in kamfanin yana wata nahiya, ka kai ƙara wurin wa? Su kansu kamfanonin ba dawwama suke yi ba. Babylon na Ingila, wanda a 2021 aka yi masa kuɗi sama da dala biliyan 4, ya durƙushe a 2023, reshensa na Ruwanda da mutane masu ɗimbin yawa suka dogara da shi ya rufe.

Abin da likitan da ya sallame ni ya sa na haddace, shi zan maimaita muku, don na ga da yawanmu mun fara ajiye tumbi kuma kowa da robar maganin olsa a mota. Aman jini ko amai mai kama da garin kofi, baƙin bayan gida ko mai jini, rama ba dalili, abinci ya riƙa tsayawa a maƙogwaro, amai da ya ƙi tsayawa, idanu su yi ɗorawa, ko jiri da farin tafin hannu: ko ɗaya daga ciki ka gani, ajiye wayar ka nemi asibiti a ranar. Ya ƙara da cewa zafin ƙirji da ke zuwa da gumi ko ya sauka hannu, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari, wani lokaci zuciya ce ba olsa ba. Wanda kuma aka tabbatar yana da gyambo, ya ga likita tun cikin Sha'aban, kada ya bari sai azumi ya yi nisa kamar yadda na yi. Duk manhajar da za ka sauke, gwada ta da waɗannan alamu tun ranar farko. In ba ta kore ka zuwa asibiti ba, goge ta. Duba kuma ko ta tambaye ka magungunan da kake sha, ko akwai sunan jami'a ko asibitin da ya tsaya mata, da shekarar da aka sabunta ta, da kuma ko tana sayar da wani abu.

Mai girma shugaban taro, ina da roƙo biyu ga ƙungiya. Na farko, muna da likitoci da masu harhaɗa magunguna da ma'aikatan jinya, muna kuma da 'yan ajin baya da suka karanta kwamfuta. A kafa ɗan kwamiti su zauna su duba manhajojin da membobi suka fi amfani da su, su kawo mana sakamako a mujalla ta gaba, sa'an nan a sa ido kan saƙonnin magani da ake turowa zaurenmu na WhatsApp, domin a makon jiya ma na ga wani ya turo cewa ruwan kanwa da lemon tsami na kashe olsa cikin kwana uku. In Allah ya sa masu kwamfutar suka yi zuciya suka rubuta mana wadda ta san tuwo da miyar kuka, ni zan fara ba da tarihina na wata biyar kyauta. Na biyu, hanta ma cikin kayan ciki take, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Rigakafinsa bai shiga jerin alluran yara a ƙasar nan ba sai 2004, lokacin mu muna aji biyu a makarantar nan, wato duk ajinmu ya wuce mu. Babu wayar da za ta gano shi, sai an ɗebi jini. Ina roƙon a taron baɗi a ajiye tebur a bakin ƙofa a gwada kowa, malamai da ɗalibai, a yi wa wanda ya dace allura. Na yi magana da ma'aji, na ajiye kuɗin gwajin mutum ashirin na farko a wurinsa.